Kafaɗu Biyu a Ƙasa

A garinmu da ke arewacin Iowa, inda masara ta fi mutane yawa, babu mai kiran Orval Brinkmeyer da sunansa. Koci ake ce masa, har matarsa Darlene in ya ba ta haushi. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da kokawa a makarantar sakandare, kuma duk karatun nasa bai wuce magana ɗaya ba: kada bayanka ya taɓa tabarma. Da zarar an danne kafaɗunka biyu a ƙasa, alƙali ya daki tabarma da tafin hannu, sai ka tashi ka nemi hanyar gidanku. Yaran da suka bi ta hannunsa har yau a kife suke barci, matansu na ta mita.

Ɗansa Kellen ya fi kowa shan wannan karatu. Ya yi kokawa a jami'a har kunnuwansa suka murɗe kamar busasshen tattasai. An sha cinye shi da maki, amma ba a taɓa danne shi ba, kuma Koci ba ya gajiya da faɗin haka a shagon aski. Sai dai kokawar jami'a, ranar da ka gama karatu ranar take sallamarka. Kellen ya ɗan taɓa sayar da iri, ya ɗan taɓa tuƙin babbar mota, daga baya aka ji ya koma Des Moines ya shiga faɗan keji, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa da shaƙa duk a wuri ɗaya.

Koci bai taɓa zuwa kallo ba. Ya taɓa gwadawa a talabijin, ya ga wani ƙato ya kwanta rigingine da gangan yana yafito abokin karawarsa. Ya kashe talabijin ya fita duba shanu, ranar ko abincin kirki bai ci ba.

Ana tsakiyar girbi Kellen ya bugo waya. Ya ce shekarunsa sun haura talatin, gwiwoyinsa sun fara yi masa tsiya, kuma a faɗan da zai yi ran Asabar wani mutum mai zaɓen 'yan wasa zai zo daga Las Vegas ya zauna a bakin keji. In ya ci, babban kamfani zai ɗauke shi. In bai ci ba, ya riga ya yi wa matarsa alkawari zai ajiye safar hannu har abada. Yana so mahaifinsa ya tsaya masa a kusurwa, cikin masu kula da shi a bakin keji. Koci ya daɗe yana gyaran murya, ya ce sai ya ga yadda girbi ya yi. Kafin ya ajiye wayar Darlene ta fara goge masa riga.

A wani babban zaure na gidan caca a bakin kogi aka shirya faɗan, da la'asar. Tun daga ƙofa kan Koci ya ɗaure. Kiɗa kamar zai fasa kunne, fitilu na ta walƙiya, 'yan wasa kuma tsirara daga ƙugu zuwa sama, ba takalmi, ba abin kare kunne. A ɗakin shiri ya haɗu da Edivaldo, mutumin Brazil da ke horar da Kellen, wani gajere mai fara'a da ke magana da hannuwa fiye da baki. Edivaldo ya yi masa bayanin dabararsu: abokin karawar, Tavon Pruitt, ya fi Kellen nauyin hannu, don haka in ta kama za su bar shi ya hau sama, daga ƙasa za a kama hannunsa. Koci ya yi ta gyaɗa kai. Kalmomin duk ya ji su, haɗa su ne ya gagara.

"Koci, in ka gan shi a ƙasa kada hankalinka ya tashi," in ji Edivaldo. "Ƙasa gidanmu ne."

"Gidan wa?"

Kellen ya yi dariya, ana naɗe masa hannu da filasta. "Baba, kai dai ka riƙe ruwa da tawul. Sauran ka bar mana."

Koci ya ja wani jami'in hukumar wasanni gefe, ya tambaye shi yadda ake sanin an gama, tunda dannewa ba ta gama komai. Jami'in ya lissafo masa suma da sallamawa da hukuncin alƙalai, ya ƙara da cewa in mutanen kusurwa suka ga ɗan wasansu zai nakasa, suna iya jefa tawul a tsayar da faɗan, a ba abokin karawa nasara. A duk abin da aka faɗa masa ranar, wannan ne kawai ya zauna masa daidai.

Turmin farko bai yi nisa ba Kellen ya sunkuya ya suri ƙafafun Pruitt, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Kayen da Koci ya koya masa ne tun yana ƙarami a ɗakin ajiyar ciyawa, babu abin da ya ragu a ciki. Kellen ya bi Pruitt ya danne, kafaɗu biyu shimfiɗe. Koci ya yi zumbur ya miƙe yana jiran tafin alƙali. Alƙali kuwa ya dafa gwiwoyinsa yana kallo kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

"An danne shi mana, makaho ne kai?"

Edivaldo ya jawo rigarsa ya zaunar da shi. Shi kuma wanda aka danne, maimakon ya ji kunya, sai ya riƙa aiko da gwiwar hannu daga ƙasa, har ya fasa wa Kellen gira. Na sama ke zubar da jini, na ƙasa ke duka, jama'a na tafi, Koci ya rasa wa suke tafa wa. Da aka kaɗa ƙararrawa ya shiga ya goge wa ɗansa fuska. Yana so ya ba shi shawara, ya buɗe baki, ya ga bai ma san wa ke kan gaba ba. Sai ya miƙa masa ruwa.

A turmi na biyu Pruitt ya sami Kellen da wani naushi a muƙamuƙi. Kellen ya yi tangal-tangal, ya rungumo shi, suka zube tare, Kellen a ƙasa. Koci ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da aka haifi yaron: bayansa a shimfiɗe, kafaɗu biyu a ƙasa, kuma ko yunƙurin juyawa ba ya yi.

"Juya, yaro. Gantsare ka juya."

"A'a, zauna nan," Edivaldo ke faɗi a gefensa. "Da kyau, zauna nan."

Koci ya dubi Edivaldo, ya dubi keji. Wane irin mai horarwa ne zai ce wa yaro ya zauna a danne? Ƙafafun Kellen suka fara hawa sama, ɗaya ta gitta wuyan Pruitt, jinin girar na gangarowa cikin idonsa. Koci ya san ƙafafu a sama. Ya sha ganin su a jikin yaran da suka ƙare, suna wutsil-wutsil kafin alƙali ya ji tausayinsu. Ya ga fuskar ɗansa ta yi jawur, haƙora a cije, ya ƙanƙame hannun Pruitt a ƙirjinsa, yana bankarewa da duk ƙarfinsa amma kafaɗun sun ƙi barin ƙasa. Zauren gaba ɗaya ya miƙe da ihu. Alƙali ya matso ya sunkuya, bai tsayar ba. Tsoro ya kama Koci, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a bakin tabarma ba. A ganinsa duk mutanen nan sun taru ne su ga an kashe masa ɗa, kuma shi kaɗai ne a wurin ya san an riga an gama.

Ya wurga tawul ɗin ta saman keji.

Alƙali ya gan shi, ya faɗa tsakaninsu yana kaɗa hannuwa. Kellen ya saki, ya yi tsalle ya miƙe, ya ruga ya ɗare kan kejin yana dukan ƙirji, don a zatonsa Pruitt ne ya sallama. Ya nuna mahaifinsa da yatsa yana dariya. Koci ya ga wanda aka danne yana murna, wanda ya danne yana durƙushe riƙe da gwiwar hannu, Edivaldo kuma ya ɗora hannuwa biyu a ka. Sai da Kellen ya sauko ne ya ga tawul ɗin a tsakiyar fili. Ya daɗe yana kallonsa. Da aka zo ɗaga hannun wanda ya ci, sai na hagu aka ɗaga wa Pruitt, na daman ya ƙi ɗaguwa.

A ɗakin shiri Edivaldo ya yi ta zazzaga magana da harshen ƙasarsu, ya gaji ya fice. Mutumin Las Vegas ko leƙowa bai yi ba. Pruitt ne ya leƙo, da ƙanƙara ɗaure a hannu, ya gaishe da Koci cikin ladabi, ya ce shi bai san dalilin da ya sa dattijo ya yi haka ba amma ya gode, don ya riga ya ji hannun nasa ya fara ƙara, tafinsa ma ya ɗaga zai buga alamar ya sallama. Ya yi wa Kellen sannu ya tafi.

Koci ya tsaya riƙe da gorar ruwa. Abin ya fara shiga kansa a hankali, kuma da ya shiga ya gwammace ruɗewar da yake ciki ɗazu. Kellen na zaune kan benci, an ɗinke masa gira, bai ɗaga murya ba.

"Baba, me ka gani?"

"Na ga bayanka a ƙasa."

Kellen ya gyaɗa kai, kamar dama amsar da yake jira ke nan.

"Ka zaunar da ni ka koya mini abin nan tun daga farko," in ji Koci. "Kafin na gaba zan gane shi. Ba ni da saurin ɗauka, amma zan gane."

"Babu na gaba, Baba."

Kellen ya miƙo masa hannayensa biyu, har yanzu a naɗe, ya ce ya taimaka ya kwance masa. Koci ya ajiye gorar, ya durƙusa da ƙyar a gabansa. Ya kama hannun ɗansa yana juya shi, ya duba ciki, ya duba baya, yana neman bakin filastar, ya rasa ta inda ake farawa.