Kakan da Alhaji Ya Saya

A bayan tashar Gwaram aka ƙulla cinikin. Alhaji Ishiyaku mai motocin haya yana neman shugabancin 'yan damben yankin, sai dattawa suka ce kujerar ta masu gado ce. Shi kuwa a gidansu ko ɗan akuya ba a taɓa nausa ba. Saboda haka ya nemo Munzali makaɗi, tsohon da ke riƙe da sunayen mazan jiya a ka.

"Ka saka kakana cikin zakarun farko," in ji Alhaji. "Ni kuma in saya maka babur."

"An gama, ranka ya daɗe. Amma ba a yi wa ɗan dambe kirari da iska. Wa ya kayar?"

"Wa ya fi kowa a zamanin?"

"Gatarin Kangire, ta wajen Birnin Kudu. Bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba."

"To, shi kakana ya kayar. Matacce ba ya musu."

Munzali ya buɗe baki, ya tuna babur, ya rufe.

Da kaka ta yi, aka buɗe fili, ayarin Birnin Kudu suka zo. Alhaji ya hakimce a kujerar gaba cikin shadda mai maiƙo. Kalangu ya ɗauka, Munzali ya bi mahautan farko ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke yawon dambe gari gari bayan girbi da zare naɗe a hannu. Can ya kwarara: "Kakan Ishiyaku, bajimin Gwaram, wanda ya shimfiɗe Gatarin Kangire!"

Alhaji ya miƙe yana ɗaga wa jama'a hannu. Bai lura ɓangaren baƙi ya yi tsit ba.

Wani ƙato ya taso daga cikinsu, wuya kamar turmi, hannu a ɗaure. Khuzaima ke nan, jikan Gatari. Ya tako har gaban kujera ya miƙa wa Alhaji dunƙulen hannu. A al'adar fili, faɗuwar kaka jika ke rama ta, kuma a jikin jika.

"Baba, ashe muna da tsohuwar magana," in ji shi cikin ladabi. "A kawo wa Alhaji zare."

"Kai yaro, ina da hawan jini."

"Turmi ɗaya ne, Baba. Ba zan daɗe ba."

Alhaji ya waiwaya neman Munzali. Tsohon ya duƙufa yana gyaran tsarkiyar kalangu kamar yau ya fara ganinta. Sarkin Fawa ya matso ya ce hanya biyu ce: ko ya tuɓe riga, ko ya faɗa wa fili gaskiya.

Alhaji ya dubi dunƙulen, ya dubi tumbinsa. Aka miƙa masa lasifika.

"Jama'a, kakana ɗan koli ne. Allura da kwalli yake sayarwa."

"Ƙara murya, Alhaji, na baya ba su ji ba!"

Ya ƙara.

Mutanen Kangire ne suka ci riba, don kakansu da aka soma mantawa ya dawo bakin kowa. Munzali ma bai faɗi ba, har garin Basirka ake gayyatarsa ya kwaikwayi muryar Alhaji. Alhaji ya rasa kujera, kuma ko yaran motarsa in ya yi musu tsawa sai ɗaya ya ce, "A kawo zare."