Tulunan Tondibiya

A shekarar da ƙasa ta samu 'yancin kai Zailani ya ajiye aikin komi, wato akawu, a wani kamfanin Turawa, ya buɗe butik, ɗan kanti nasa na kansa, kusa da ƙaramar kasuwar Yamai. Mutane suka ce ya haukace. Wa ke barin biro, ofis mai fanka, ya koma sayar da tabarmi? Shi kuwa ko a jikinsa. Ya jera jakunkunan fata na dukawan Damagaram, da tabarmin Madawa, da bargunan masaƙan Yantala, da 'yan zobban azurfa a cikin akwatin gilashi. Kowane kaya ya san hannun da ya yi shi, kuma idan ka kuskura ka tambaye shi, to ka nemi kujera, don sai ka ji labarin mai hannun har zuwa kakansa. Da yamma yakan zauna bakin ƙofa, ƙanshin fata na bin hancinsa, ya ce a ransa: wallahi na dace.

Amma abin da ke kawo mutane butik ɗin, gaskiya, tulunan Inna Ramatu ne. Tsohuwa ce Bazabarma daga Tondibiya, can bakin kogi, shekara arba'in tana ginin tukwane. Duk Laraba jirgin ruwa ke sauko da kayanta. Ruwan tulunta in ka sha da rana tsaka sai haƙoranka sun amsa. Ba ta ba kowa kayanta a cikin gari sai Zailani, don ita ta ga haihuwarsa lokacin da uwarsa ke sayen tukwane wurinta, kuma har yau "komi" take kiransa don tsiya.

To, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi sai ga wata madam, matar wani babban ma'aikaci, ta shigo tana ƙorafi. Wai tulun da ta saya yana tsatsafa, ya jiƙa mata sabon daɓen siminti.

"Mushe Zailani, an fa ci gaba," in ji ta, tana ce masa "malam" da Faransanci. "Ba za a iya yin tulu mai tsabta ba?"

Maganar nan ta tsaya masa a rai. Akwai ragowar man sheƙi da ya shafa wa katakon teburin butik ɗinsa, rabin gwangwani. Ya ɗauko buroshi ya gwada a tulu ɗaya. Kai! Sai ga ja ya fito jawur, zanen farar ƙasa na wuyan tulun yana walƙiya. Ya zuba ruwa, ko ɗigo bai fita ba. Zailani ya yi ta yaba wa kansa. Kafin la'asar ya shafe guda goma sha biyu, kuma cikin kwana uku aka kwashe su tas, har madam ɗin ma ta ɗauki ɗaya. Mutumin da aka haifa gindin randa, amma shekara goma na shan ruwan firigo a biro ta mantar da shi dalilin da ya sa tulu ke gumi!

Azumi ya kama, zafi ya fara tsananta. Ba wanda ya zo ya yi masa faɗa, don Zailani mutum ne da ake jin kunyarsa. A maimakon haka magana ta bi gari ta bayan fage: tsohuwar Tondibiya ta tsufa, hannunta ya mutu, ruwan tulunta yanzu kamar an sauke daga murhu. Matarsa Jamila ce ta kawo masa labarin daga gidan suna.

"Malam, me ka yi wa tulunan nan?"

"Gyara su na yi."

"Gyara? Ta ina iska za ta bi ta sanyaya ruwan, ka toshe ko'ina? Ko yarinyar da ke koyon ɗaukar ruwa ta san wannan."

Ran Laraba Zailani ya tafi bakin kogi tun da safe. Jirgi ya iso da albasa, da kabewa, da kaji a kwando, babu tulu ko ɗaya. Mai jirgin ya kau da kai ya ce, "Inna ta ce in gaya maka tunda hannunta ya mutu, ta huta."

Ba cinikin ne ya dame shi ba, Allah ya sani. Sunan da tsohuwa ta yi shekara arba'in tana ginawa ne ya ɓata da rabin gwangwani, kuma ita kanta ba ta san ta yaya ba. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya rufe butik, ya bi gidan madam ɗin nan ya karɓo tulunta, ya ɗaure a bayan keke, ya kama hanyar Tondibiya da azumi a bakinsa.

Ya tarar da ita a inuwar zana tana zaune, hannuwa a kan cinya, yumɓu a gefe ya bushe ba a taɓa ba. Wannan ya fi komai sosa masa rai, don bai taɓa ganin hannunta babu laka ba. Ya durƙusa ya gaishe ta da Zabarmanci, ta amsa masa da Hausarta mai nauyi.

"Komi, ka zo gaisuwar mutuwar hannu?"

"Inna, hannunki lafiya lau. Nawa ne ya yi ɓarna."

Ya kwance tulun ya ajiye gabanta. Ta dube shi, ta shafa, ta ƙwanƙwasa da farce, ta kai hanci ta sunsuna. Sannan ta ɗago.

"Wannan nawa ne?"

"Naki ne. Ni na shafa masa mai don ya daina gumi."

"Don ya daina gumi," ta maimaita a hankali. "Guda nawa?"

"Goma sha biyu."

Ba ta zage shi ba, ya so ma ta zage shi. Ta tashi ta cika tulun mai sheƙi da ruwa, ta cika wani nata da ba a taɓa ba, ta jera su wuri ɗaya. Ta nuna masa tabarma ta ce ya zauna. Ya zauna tun azahar, leɓensa ya bushe, yana kallon tulu ɗaya na tsatsafa, ɗayan yana walƙiya a banza. Da ladan ya kira magariba ta ɗebo daga mai sheƙin, ta miƙo masa ƙwarya cike. Ruwa ɗumi, ga warin mai. Ya rufe ido ya shanye duka.

"Haka gida goma sha biyu ke shan ruwa a azumin nan," ta ce. "Kuma kowa ya ambaci sunana."

Sannan ta ɗebo masa daga nata. Sanyin ya bi maƙogwaronsa har ƙirji, hawaye suka taru masa, bai ma ɓoye ba.

Bayan mako biyu jirgi ya sauko da sababbin tuluna goma sha biyu, da Inna Ramatu kanta zaune a tsakiyarsu cikin zanen fita. Aka ɗora su a amalanke. Ta ce, "Kai za ka yi magana. Ni ina bayanka, in ji ko ka faɗi daidai."

Haka suka bi gari gida gida. A kowace ƙofa Zailani, tsohon komi, da wandonsa mai guga, yakan sauke tulu da hannunsa ya ce, "Ni na ɓata wancan, ba ita ba." Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki, wasu suka fito da tabarma don tsohuwa. Madam ɗin ta karɓi nata, ta ce za ta sa faranti a ƙarƙashi, wanda da ta yi tun farko da duk an huta. A gida na bakwai ya so ya gajarta maganar, Inna ta yi gyaran murya a bayansa, ya koma ya faɗe ta cikakkiya.

Da suka fito daga gida na ƙarshe rigarsa ta jiƙe sharkaf. Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka gaji, ɗana?"

"Na gaji, Inna."

"To, madalla. Ran Laraba ka zo bakin kogi da wuri. Akwai ashirin da na gina maka, kada masu albasa su fasa mini su."