Gangarar Jikar Kafinta

Kwaleji ta karrama jikar tsohon kafinta. Ita ta jagoranci ɗalibai suka matsa wa hukuma har aka gina gangara a ƙofar ɗakin taro, domin masu keken guragu da tsofaffi.

Ranar bikin, kakan nata ya zo da sandarsa, gwiwa na ciwo. Ya tsaya gaban matakala, mutane na kallo.

"Kaka, bi ta gangarar nan," in ji ta. "Saboda irinku aka yi ta."

Ya jijjiga ƙarfen riƙon gangarar, ƙarfen bai motsa ba. Ya gyaɗa kai, aiki ya yi kyau. Sannan ya miƙa mata sandar, ya dafa kafaɗarta, ya ɗora ƙafa kan matakala.

"Waccan ta tsofaffi ce, ja'ira. Ni ba zan bi ba."