Takardar Shaidar da Makulli Ya Mayar

Shekara ashirin da huɗu ya yi yana riƙe da sashen kuɗi na kamfanin sabulu, kuma tun a shekara ta biyu ma'aikata suka laƙaba masa suna Makulli. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a banɗaki, sai ya sa hannu kafin a sayo wani. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Ofishinsa yana bene, da fanka mai kuka da kabad uku na ƙarfe, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren ko anini ba.

Da mai kamfanin ya tsufa ya sauka, 'yarsa ta hau kujerar, kowa yana kiranta Shugaba. Makulli ya san ta tun tana zuwa ofis da kayan makaranta, shi ya sa har yanzu take ce masa Baba. Wata safiya ta hau benen da kanta, ta ja kujera ta zauna.

"Baba, lissafin da kake kwana uku kana yi, kwamfuta tana gama shi kafin shayi ya huce," in ji ta. "Abin da ya faru bara na sani. Ni mai gaya mini inda za mu sa ƙafa baɗi nake nema. Na biya maka kwas na wata shida, ta intanet."

"Ranki ya daɗe, an gama," ya ce, yana murmushi kamar an ba shi kyauta.

Darasin farko ya nuna masa ruwa ba sa'an kwando ba ne. Malamin yana zuba bayani a kan hasashen kasuwa da auna haɗari, ɗalibai sa'annin 'ya'yansa suna ta jefa tambayoyi, shi kuwa ko inda ake danna a ɗaga hannu bai gano ba. Da ya gano, sai girma ya hana shi. Wa zai ji Makulli yana cewa bai gane ba?

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, wannan fannin ta karanta a jami'a. Ranar Asabar ta zo gaishe su ta tarar da shi a falo ya zuba wa allon kwamfuta ido, tabarau a ƙarshen hanci.

"Uwata, duba mini wannan aikin guda ɗaya kawai, idona ke yaji."

Ta yi masa. Mako na gaba ma idon bai daina yaji ba. Da aka zo kundin kammalawa, wanda aka ce kowa ya rubuta a kan wurin aikinsa, sai ya kwaso mata fayil-fayil na kamfani a jaka, abin da da wani ne ya yi, da shi zai fara rubuta masa takardar gargaɗi.

"Baba, ko sau ɗaya ka zauna mu duba tare," ta ce.

"Allah ya yi miki albarka, na yarda da ke."

Sakamako ya fito, ya zo na ɗaya a ajin. Shugaba ta sa aka saka takardar shaidar kwas ɗin a gilashi, aka rataye ta a bakin matakala inda kowa zai gani. Kullum in zai hau bene sai ya kawar da kai, kamar mai wuce gidan surukai.

Bayan wata guda aka kira taron manyan kamfanin. Shugaba ta ajiye wani kundi mai shuɗin bango a tebur, da sunansa ɓaro-ɓaro a kai.

"Na roƙi makarantar ta turo mini, na karanta sau biyu," in ji ta. "Baba ya nuna ƙaramin sabulu ba ya kawo riba, ya ba da shawara a rufe layin injunan da ke yin sa. Na amince. Mata talatin da ɗaya masu naɗe shi za a sallama ƙarshen wata. Baba, yi mana bayanin shafi na sha takwas."

Ya buɗe shafin. Zane ne mai layi uku masu launi, bai taɓa ganinsa ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Manajan talla ya tura masa ruwa.

"A ba ni kwana biyu," ya ce da ƙyar. "Akwai abin da nake so in sake dubawa."

Daga ɗakin taron bai koma ofis ba. Ya sauka ƙasa wajen injuna, inda rabonsa da shiga ya fi shekara goma. Ƙamshin turare da zafin tukunya suka tare shi. Foman, wani dattijo mai hannu duk tabon soda, ya zaro ido.

"Yau Makulli da kansa? Wani ya saci tsintsiya ne?"

Makulli bai yi dariya ba. Ya ce a nuna masa yadda ake yin ƙaramin sabulu. Foman ya kai shi bayan injin yanka, ya nuna masa baho-baho cike da gutsattsari.

"Ka ga wannan? Ragowar babban sabulu ce. Ita muke narkewa mu fitar da ƙarami. In an daina, sai dai mu biya mota ta kwashe ta zuwa juji. Kuma tambayi direbobi, masu kanti ba sa karɓar babba sai an haɗa musu da ƙarami, don shi ke tafiya kullum."

Babu ɗaya daga cikin wannan a fayil ɗin da ya kai gida. A takardunsa, an ɗora wa ƙaramin sabulu kuɗin mai da soda kamar sabo ake sayo masa, kuma shi ya tsara hakan da hannunsa tun shekarun baya. Ya tsaya yana kallon matan a dogon benci, hannuwansu suna naɗi ba tsayawa, suna hira da dariya. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da yamma ya biya gidan 'yarsa ya gaya mata. Ta dafe ƙirji.

"Mutum talatin da ɗaya, Baba? Ni na ɗauka aikin makaranta ne kawai!"

"Laifin ba naki ba ne, Uwata. Ni na sa ki, kuma ni na koya miki cewa ba a sa hannu a takardar da ba a karanta ba, sai ga shi ni na yi hakan."

Washegari ya ciro takardar shaidar daga bango da kansa, ya shiga ofishin Shugaba da ita a hammata. Bai zauna ba. Ya faɗi komai, har da fayil ɗin da ya fitar, idonsa a kan kafet. 

"Da ka ce mini ya yi maka wuya, da na nemo maka mai koya maka," ta ce. "Ni ka sa na tsaya gaban mutane ina yabon abin da ba naka ba."

"Ranki ya daɗe, in kin ce in ajiye aiki, na ajiye."

"Ba za ka samu wannan sauƙin ba, Baba. Gobe kai za ka faɗa wa taro da bakinka, sannan ka kawo mini lissafin gaskiya na layin nan."

Haka aka yi. Ya faɗa, manajan talla yana wasa da biro don kada su haɗa ido. Aka rubuta masa takardar gargaɗi ta farko a rayuwarsa, makarantar ta soke shaidar, ta ce sai bayan shekara zai iya sake shiga. Layin ƙaramin sabulu ya tsira. A wannan shekarar, duk Talata yana ƙasa tare da foman da direbobi, da littafi a hannu. Da ya koma kwas ɗin ya ci, amma da ƙyar, yana kusa da na ƙarshe.

Labari ya isa wajen masu naɗi rabi da rabi. Wata rana babbarsu ta tare shi a ƙofar sito, ta rusuna.

"Baba, mun ji kai ka hana a kore mu. Allah ya raya zuri'a."

Ya so ya amsa da amin ya wuce, amma ƙafarsa ta ƙi.

"Baiwar Allah, takardar da ta ce a kore ku, sunana ne a kanta," ya ce. "Foman za ku yi wa godiya."

Ta dube shi, ba ta gane ba. Ya tsaya nan cikin ƙarar injin ya yi mata bayani tun daga farko.