Dodon da Garba ya kashe wa Sa'adatu

A shekarar 1998 odinatar, wato kwamfuta, ɗaya ce tak a biro, ofishin furojen dashen itatuwa na Gure, kuma Sa'adatu ce ke zama gabanta, don ita ke buga wasiƙu da rahotanni. Wani injiniya Bature da ya yi wata uku a wurinsu ya tafi ya bar wani wasa a cikinta. A wasan kai ne mai gida a ƙarƙashin ƙasa. Ka sa ƙananan halittu su haƙa maka ɗakuna, ka tara dodanni, ka ciyar da su, ka horar da su don su tare mayaƙan da ke kawo hari. Daga sama kake kallonsu kana ba da umarni. Amma akwai maɓallin da in ka danna sai ka shiga jikin dodo guda, kana gani da idonsa, kai ke tafiya, kai ke kai sara.

Da hutun rana, kafin a kashe gurup, injin da ke ba su wuta, Sa'adatu takan yi rabin awa tana wasan. Sati uku ta yi tana renon wani dodo mai ƙaho har ya fi sauran ƙarfi. Ba ta cika shiga jikinsa ba, don in ka shiga ba ka ganin abin da ke bayanka.

Garba, mataimakin shef ɗin furojen, duk wucewar da zai yi sai ya yar da magana, wai ina mace ina yaƙi, ko da na ƙarya ne.

Wata Alhamis ta tsayar da wasan ta fita sallar azahar. Tana dawowa ta iske Garba bisa kujerarta, ya tura hula baya, yana gumi. Ya shiga jikin dodon nata, ya fita da shi shi kaɗai har cikin lungun abokan gaba, sai karo yake da bango.

"Mushe Garba," ta ce, yadda ake kiran maza da Faransanci, "ka fito daga jikinsa. Kashe shi za su yi."

Ko waiwayowa bai yi ba, ya ce ta bari ta ga yadda maza ke yi. Mayaƙa biyar suka ɓullo ta bayansa. Ya rasa yadda ake juyawa, dodon ya faɗi. Cikin ruɗewa ya hau danne-danne, har ya adana wasan a kan wanda ta ajiye, ba sauran hanyar komawa baya. Ya tashi ya kaɗe riga, ya ce injin ne ba ya da sauri.

Ranar ko abincin da ta zo da shi Sa'adatu ba ta buɗe ba.

Ran Litinin Shef Alhasan ya dawo daga rangadi a Bune, ya tara ma'aikata yana faɗan yadda gazuwal, man gurup, ke saurin ƙarewa. Garba ya gyara murya ya ce ai dalilin a fili yake, akwai mai barin gurup yana aiki da rana tana wasa da aljanu a odinatar.

Sa'adatu ta miƙe. Ta ce gaskiya ne tana wasan, rabin awa, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Sannan ta faɗi abin da ya faru ran Alhamis daga farko har ƙarshe. Garba ya ce shi ko yadda ake kunna abin bai sani ba. Shef ya yi dariya, ya tambaye ta ko duk wannan ɓacin rai a kan dabbar da ba ta da rai ne.

"Ba dabbar ba ce, Shef. Ya hau kujerata bai tambaye ni ba, ya ɓata abin da na yi sati uku ina yi, yau kuma ya dubi idona ya ce bai yi ba."

Shef ya ce ya ji, amma ba ya son doguwar magana, a goge wasan yanzu. Ita kaɗai ta iya, don haka ita ta goge shi da hannunta, Garba na tsaye a bayanta ya harɗe hannuwa.

Bayan kwana biyu Garba ya ajiye mata wata takarda a tebur, wasiƙar da yake son aika wa yayansa mai kanti a Damagaram. Ta karanta layin farko ta tura masa abarsa, ta ce wannan ba aikin furoje ba ne. Ya kai ƙara wurin Shef, Shef ya ce ai ta faɗi gaskiya, in yana so ya buga da kansa. Garba ya zauna da yatsa ɗaya yana laluben haruffa tun bayan azahar har la'asar, sau biyu yana goge abin da ya rubuta bai sani ba. Sa'adatu na gefe tana jera takardu cikin kabad, bai nemi taimako ba, ita ma ba ta yi tayi ba.

Bai taɓa ba ta haƙuri ba. Da aka mayar da shi Gidigir a shekarar da ta biyo baya, abokan aiki suka dafa shayin ban kwana a ƙarƙashin itacen bedi. Ta aika da sukari, ta ce tana da rahoton da za ta gama.