Ƙashin Cinyar Wake-wake

A gidan Ɗanmaliki da ke Dudunni, kaza ba ta yin laifi biyu. In ta sha ƙwai sau ɗaya, a ɗaga mata ƙafa. Ta sake, wuƙa ce. Haka ya tarar a gidan ubansa, shi kuwa mutum ne da ba ya gyara abin da ya tarar.

Wake-wake ta sha ƙwanta ranar Talata, ta sake ranar Alhamis. Kazar Tani ce, matar gidan, ita kaɗai ta rage cikin kajin da Tani ta gada wurin mahaifiyarta Iyatu. Shekara huɗu tana aiki: ta saka nata ƙwan, ta yi kwanci, in an zuba mata na zabi ma ta ƙyanƙyashe ba gardama. Tani tana son kazar nan, kuma kowa a gidan ya sani.

Bana, tun da shuka ta fito, Ɗanmaliki ya kulle kajin a akurki domin suna tone masa waken bayan gida. Abincinsu dusa da tsabar dawa. Bayan wata guda ƙwan Wake-wake ya fara fitowa da ɓawo mai laushi, ita kuma in ta yi taku uku sai ta durƙusa. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan, sai da ta fasa ƙwai aka ga laifi.

'Yarsu Zuhura, wadda ke karatun kiwon dabbobi, ta zo hutu a makon. Ta ɗaga kazar, ta shafa ƙirjinta, ta matsa ƙafafun a hankali. Sannan ta sami mahaifinta a zaure yana gyara ƙotar fartanya, ta durƙusa ta yi masa bayani. Ta ce idan kaza ta kusa fara ƙwai, jikinta kan aika saƙo ta cikin jini, saƙon ya sa ta tara wani abu mai kama da alli a cikin ƙasusuwanta. Rumbunta ke nan. Daga nan take ɗibar abin da take gina ɓawon ƙwai, kullum. In tana kiwo a waje tana tsintar guntun ƙashi da katantanwa, sai ta mayar da abin da ta ɗiba. In an kulle ta, saƙon ba ya fasa zuwa, rumbu ya ƙare, jiki ya koma cin ƙashin da take tsaye a kansa. Ɓawon take nema, ba sata take ba. Zuhura ta roƙi sati biyu kawai: a ƙona ƙashi, a daka, a zuba a dusa.

Ɗanmaliki ya saurara har ƙarshe, domin shi ke biyan kuɗin karatun.

"Kaza mi ta sani da rumbu?" in ji shi. "In na ƙyale ta sauran su koya. Wannan ban karanta ba, na dai gani."

Tani ta leƙo daga ƙofar zaure ta tuna masa cewa kazar Iyatu ce. Bai ɗago ba, ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Tani ta koma ciki. Abin ya ci mata rai.

Ranar Juma'a da hantsi ya yanka Wake-wake. Tani ce ta fige. Da ta buɗe cikin ta tarar da gwaiduwa jere, manya da ƙanana, waɗanda ke kan hanya. Ta zuba su a miyar tare da naman.

Da ya dawo daga masallaci aka kai masa tuwo, cinya a sama, kamar yadda aka saba. Ɗanmaliki gwanin tauna ƙashi ne, karen maƙwabta ma ya daina sa rai da akushinsa. Ya cinye naman, ya kama ƙashin zai karya ya tsotse ɓargo. Bai ma matsa ba ƙashin ya ruguje a yatsunsa kamar ruɓaɓɓen kara. Ya tona miyar ya ciro na ƙirji, ya gan shi a lanƙwashe. Kazar shekara huɗu, ƙashin ɗan tsako ya fi nata ƙwari.

Ya daɗe yana kallon yatsunsa. Tani ta shigo da ruwan sha, ta ajiye, ta dubi abin da yake duba.

"Ci namanka, Malam," ta ce. "Ƙashin ta riga ta ba mu, cikin ƙwai muka cinye shi."

Bai ƙarasa tuwon ba. Ya wanke hannu, ya kira Zuhura ya tambaye ta yadda ake ƙona ƙashin. Sannan ya zagaya ya janye murfin akurki. Kaji biyar suka fito, ɗaya na ɗingishi, suka nufi waken bayan gida. Yana tsaye, bai kore su ba.