Jar Dawar Uwata

Ni Amsa ban taɓa shiga aji ba, amma na san dawa. Jar dawar da nake shukawa, uwata ce ta ƙullo ta a bakin zane daga gabas, lokacin da suka sauka a ƙauyen nan na kusa da Tsanyawa. Gajeriya ce, ko ruwa ya ɗauke da wuri sai ta yi ido. Duk kaka nakan zaɓi manyan zangarnu in rataye a saman murhu, hayaƙi ya tsare min su har damina.

Bara waccan wasu mutanen kamfani suka shigo da mota cike da koren buhu. Babbansu Munir, baki kamar an shafa masa zuma. Ya ce irinsu ninki biyu yake bayarwa, kuma musaya za a yi: kawo tsohon irinka, karɓi sabo. Wai in tsohon yana kusa zai lalata sabon. Gari kaf ya kai nasa. Nawa ma da hannunsa ya juye a buhu, yana ce min, “Inna, kin huta.”

Shekarar farko ta yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Muka zaɓi iri a ciki yadda muka gada, muka shuka bara. Abin da ya fito, Allah kada ya maimaita. Wani karan ya fi mutum tsawo, wani bai kai gwiwa ba, zangarniya kuwa ka murza sai ƙaiƙayi.

Kowa ya yi gum, yana zaton gonarsa ce kaɗai. Maƙwabcina Yahya ya ce takinsa ne bai isa ba. Ƙawata Kulu ta ce baki aka yi mata. Sai Hussaina matar Yahya ta ce kowane gida ya kawo zangarniya ɗaya ƙofar mai unguwa. Muka jera su a tabarma, duk ciwo ɗaya. Ta dinga kiran ’ya’yanmu da ke aure a Tofa da Rimin Gado, suna aiko hotuna ta waya. Duk inda koren buhu ya shiga, haka ne. Ƙanen Kulu, malamin gona, ya ce irin nan sau ɗaya ake shuka shi, duk shekara sai an sayi sabo, kuma masu shi sun sani. Nan aka yi magana ɗaya: ba mai sake taɓa koren buhu, kuma a faɗa a gidan suna, a faɗa a bakin rijiya.

Su wannan ya ishe su. Ni bai ishe ni ba. Na bi duk gidan da na taɓa bai wa irin uwata, ko da tafin hannu ne. Kowa ya kai wa Munir.

Ranar kasuwa na hau bas. Na same shi a rumfarsa yana shan lemo.

“Inna, sannu da zuwa. Buhu nawa za a ba ki?”

“Ka gane ni?”

“Wa zai manta da Inna?”

“To ba ni abin da na ba ka.”

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Na zube masa zangarniyar a kan tebur. Ya juya buhu ya nuna min wasu ƙananan baƙaƙe. “Ai an rubuta a nan, ba a ajiye shi.”

“Wa ka gani yana karatu a cikinmu? Da bakinka ka yi talla. Ranar nan bakin naka ciwo yake yi?”

Mutane suka fara taruwa. Ya sassauta murya. “Ɗauki buhu ɗaya kyauta, Inna, a bar maganar.”

“Ka kai wa uwarka ta shuka. Ina dawata?”

“Tana sito.”

“Tashi mu je siton.”

Bai tashi ba. Ya kalli mutane, ya kalli ƙasa. “Inna, tsakani da Allah, an haɗe su gaba ɗaya. Masu abincin kaji suka saya. Tun a watan da muka karɓa.”

Na taho da zagi cike da baki, ko ɗaya bai fito ba. Na zauna a ƙasa cikin kasuwa kamar wadda aka yi wa rasuwa. Uwata da ta binne ’ya’ya a hanyar zuwa nan ba ta saki ƙullin nan ba, ga shi kaji sun cinye.

Bana Hussaina ta samo min farar dawa a Tofa, na shuka don kada mu kwana da yunwa. Amma duk ranar kasuwa ina gefen rumfar Munir a kan tabarmata. Wanda ya miƙa hannu ga koren buhu, in faɗa masa abin da ya same mu. Ya kira min shugabannin kasuwa, suka ce tsohuwa ba ta daki kowa ba.

In na gama, sai in tambayi mutum garinsu. In ce, “Ɗana, a wajenku ko akwai mai wata jar dawa gajeriya?” Wasu su ce za su duba. Har yau ba wanda ya dawo.